Kofin da babu shi

Asabar, bayan isha'i.

Jiya da fim ɗin nan na kwanta, yau kuma da shi na tashi. Shutter Island, na Martin Scorsese, wanda ya fito a 2010. Tun watan jiya ƙanena ya tura mini shi a waya, kullum sai ya tambaye ni ko na kalla. Da na gama shi daren jiya haushi na ji, kamar wadda aka yi wa wayo a kasuwa ta dawo gida sannan ta gane. Shi ya sa da safe, bayan na yi wanki na shanya, na ga wuta ba ta tafi ba, na ce bari in sake zama a kansa yanzu da na san inda aka dosa.

Labarin a 1954 ne. Wani jami'in tsaro, Teddy Daniels, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a matsayinsa, ya shiga jirgin ruwa da abokin aikinsa Chuck zuwa wani tsibiri kusa da Boston a Amurka. A can akwai asibitin Ashecliffe, inda ake tsare masu taɓin hankali da suka yi kisa. Wai wata majinyaciya, Rachel Solando, ta ɓace daga ɗakin da aka kulle ta, su ne za su binciko. Sai can ƙarshe ake warware maka cewa shi Teddy ɗin majinyaci ne a wurin, shekararsa biyu, sunansa na gaskiya Andrew Laeddis. Chuck kuwa likitansa ne. Binciken gaba ɗaya wasa ne likitoci suka shirya masa, ko zai bi zaren labarin da ya ƙirƙira har ya tuƙe da kansa.

Kallo na biyu ya ba ni kunya, don ashe ba a ɓoye komai ba. A bakin ƙofar asibitin an ce su miƙa bindigoginsu, Chuck ya tsaya yana ta kokawa da kuben tasa, kamar wanda bai taɓa ɗaura bindiga a ƙugu ba. Ai kuwa bai taɓa ba. Masu gadi kuma sai zare ido suke, hannu a kan makami, ni jiya na ɗauka mugunta ce irin ta masu gadin fim. Tsoronsa suke ji, sun san shi sarai.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne wurin da yake yi wa wata mata tambayoyi, ta nemi ruwa. An kawo mata kofi, ta kai hannu baki tana sha, amma hannun babu komai. Sau huɗu na mayar da wurin baya. Babu kofi. Daga nan sai a nuna ta ajiye kofin a tebur. Da idon Teddy muke kallo, shi kuma idonsa ba ya son ganin ruwa. Tun a jirgi yake amai, yana wanke fuska yana lallashin kansa. Wuta kuwa, ko ta ashana ce, a haskenta yake ganin mutanen da babu su. Dalili shi ne a labarin da ya shirya wa kansa gobara ce ta kashe matarsa. A gaskiya kuwa ruwa ne ya ci 'ya'yansa.

Har takarda na ɗauko na rubuta Edward Daniels, cikakken sunan Teddy, a sama, Andrew Laeddis a ƙasa, ina soke harafi ɗaya-ɗaya. Sun tashi daidai. Haka Rachel Solando da sunan matarsa, Dolores Chanal. Shinkafata ta kusa kamawa ina wannan aikin banza.

Wajen azahar ƙanena ya shigo, ya tarar da takardar a kan kujera, ya yi ta dariya.

"Yaya, ke ma kin kamu ke nan. Ai mutumin mahaukaci ne kawai, daɗin fim ɗin a juyin ƙarshe yake."

Na ce masa ni juyin bai dame ni ba, wannan sau ɗaya yake cin mutum. Abin da ya hana ni sakat shi ne irin ƙaryar da mutumin ya zaɓa. Dubi fa. Ya yi yaƙin duniya na biyu, yana cikin sojojin da suka shiga sansanin Dachau a Jamus a 1945, ya ga gawawwaki jibge. Ya dawo ya kama giya. Matarsa ba ta da lafiya, ita ta cinna wa gidansu wuta, har da bakinta ta gaya masa tana jin kamar ƙwaro na yawo a cikin kanta. Bai kai ta wurin likita ba. Ya kwashe su ya mayar wani gida a bakin tafki, wai ko canjin wuri zai yi magani. Ranar da ya dawo daga aiki ya tarar ta nutsar da yaran uku, ya tsamo su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan ciyawa, sannan ya harbe ta.

To a sabon labarin da ya gina, wani mugu ne mai tabo a fuska ya sa gobarar, kuma sunan da ya laƙaba wa mugun nasa ne na gaskiya. Kansa yake farauta. Amma abin da ya fi wannan: a labarin ba shi da 'ya'ya kwata-kwata. Matar ya bar ta, yana mafarkinta, yana kewarta. Yaran ne ya share. Ni a ganina harbin da ya yi zai iya ɗaukarsa a ransa ya rayu. Abin da ya gagare shi ɗauka shi ne an gaya masa, ya ji da kunnensa, ya kau da kai.

Ƙanena ya ce na cika zurfafawa. Amma shi ne kuma ya tsaya yana ba ni tarihin aikin ƙwaƙwalwa da ake shirin yi wa mutumin idan wasan likitocin bai yi nasara ba, don ya fi ni bin irin waɗannan. Lobotomi sunansa. Likitan Fotugal da ya fara shi, Egas Moniz, har kyautar Nobel aka ba shi a 1949. A Amurka kuma Walter Freeman ya sauƙaƙa abin tun 1946: wani ƙarfe kamar basilla ake zurawa ta ƙarƙashin fatar ido, a buga shi ya shige gaban ƙwaƙwalwa. Mutum ya yi laƙwas, ba faɗa, ba kuka, sau da yawa ba shi ɗin ba ne kuma. Maganin farko da ya fara ture wannan aiki, chlorpromazine, a Faransa aka fara ba masu taɓin hankali shi a 1952. Ka ga 1954 ba a banza aka zaɓe ta ba: masu wuƙa na gefe, masu ƙwaya na gefe, babban likitan tsibirin kuma yana tsakiya yana cewa a zauna a saurari majinyaci tukuna.

Mun fi daɗewa a kan ƙarshen. Bayan ya amsa gaskiya da bakinsa, an wayi gari yana zaune a matakala ya koma kiran likitan Chuck. Likita ya girgiza wa na nesa kai, alamar an faɗi. Sai ya yi wata tambaya guda, a kan wanne ya fi tsakanin rayuwa da baƙin suna da mutuwa da farin suna, ya miƙe ya bi masu ɗauke da kayan aikin da ƙafarsa. Ƙanena ya ce ciwon ne ya dawo, kuma a littafin Dennis Lehane na 2003 da aka ɗauko labarin babu ma wannan tambayar. Ni na ce fim nake magana, kuma a fim ɗin lafiyarsa lau. Likitan ya kira shi da sunan Teddy, bai waiga ba. Wanda ya yarda shi Teddy ne ai zai waiga.

Ba mu shirya ba ya tafi kallon ƙwallo.

Da la'asar na kai wa matar Yaya babba yajin jego da Inna ta daka. Yau kwana hamsin da haihuwarta, ta gama wanka, ya kamata a ce ta warware. Na tarar da ita a bakin gado, jaririn na gefe yana tsala kuka har muryarsa ta dishe, ita kuma idonta na kan bango. Na ɗauke shi na saɓa a kafaɗa. Ɗan kunun da aka dama mata tun safe yana nan a kofi, ya yi fata a sama.

"Anti, ba ki sha ba?"

Ta dubi kofin kamar yanzu aka ajiye shi. Ta ce ta manta.

Sati biyu da suka wuce, a wannan ɗakin, ta ce mini, "Ni fa ba na jin yaron nan a raina, kuma ba na barci ko ya yi barci." Dariya na yi. Na ce haihuwar fari ce, kowa haka take yi. Inna ta ce iska ce, aka kawo hayaƙi da rubutu. Yaya ya ce gajiya ce. Duk mun ji, kowa ya samo sunan da zai ba abin don ya wuce.

Ba ina haɗa ta da matar cikin fim ba ne, Allah ya kiyaye. Wancan fim ne, an kai shi maƙura don a tayar da hankalin mai kallo, kuma mata da yawa na shiga damuwa bayan haihuwa su fita lafiya idan an kula da su. Ni kaina na gani a wurin, ba ita ba.

Na jira Yaya a soro har ya dawo daga masallaci. Na durƙusa na gaishe shi, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na maimaita masa maganarta kamar yadda ta faɗa. Ya ɓata rai da farko.

"Ke yanzu so kike a ce matata ta haukace?"

Na ce a'a Yaya, so nake likita ya gan ta, rubutun ma a ci gaba da sha, ba wanda ya hana wani. Ya yi shiru yana juya makullin babur a yatsa. Can ya ce shi ma jiya da tsakar dare ya farka ya gan ta zaune a tsakar gida cikin sanyi, ya ce ta shigo, ya koma barci.

Mun tsayar da Litinin. Ni zan riƙe yaron, shi zai shiga da ita. Inna ba ta sani ba tukuna, gobe da safe zan je in same ta kafin ta fita gidan suna. Na saita ƙararrawa ƙarfe shida.