Layin da na tsallake a katin mara lafiya

Ina shekarata ta farko a ɓangaren masu shaye-shaye na wani asibitin ƙwaƙwalwa aka kawo mana wani matashi direban adaidaita sahu. Mahaifinsa ne ya rako shi, dattijo mai kamala, carbi a hannu. Ƙorafinsa guda ne: yaro ya lalace da wiwi, ba ya barci, sai zage-zage. Na buɗe kati na shiga tambaya. Wiwi? E. Tiramol, kodin, sholisho? A'a. Da na iso layin giya sai na dubi farin gemun dattijon, nauyi ya kama ni, na rubuta "babu" ban ko buɗe baki ba. Layin sigari kuwa ko kallonsa ban yi ba.

A dare na uku ina bakin aiki yaron ya fara karkarwa, gumi ya jiƙa masa riga, yana ta kakkaɓe zanin gado wai kyankyasai na hawansa. Kafin asuba sai jijjiga. Wata tsohuwar nas da muke kira Mama ta leƙo, ta taɓa jijiyar hannunsa, ta juyo.

"Ɗan nan, wa ya ɗauki bayanin yaron nan?"

"Ni ne, Mama."

"Ka tambaye shi giya?"

Na sunkuyar da kai.

"Wiwi ba ta yin haka. Maza taso likita."

Diyazafam da allurar bitamin B1 ne suka tsamo shi. Wanda ya bar wiwi zai sha fama da rashin barci, saurin fushi da rashin cin abinci na mako ɗaya ko biyu, amma ba ta kai shi kushewa. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, aka yanke masa rana ɗaya, hannu na fara rawa cikin sa'o'i, jijjiga kan zo cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane a kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma ana rasa rai a wannan gaɓar. Duk na karanta wannan a makaranta, har na ci jarrabawa a kansa. Ban taɓa kawo wa raina zan gan shi a jikin ɗan gidan malamai ba.

Da ya farfaɗo, mahaifinsa ba ya kusa, na ce ya faɗa mini yadda yininsa yake. Sigari kara biyu a teburin mai shayi kafin ya ɗauki fasinjan farko. Da rana naɗi ɗaya na wiwi, a gauraye da tabar sigari don ta yi auki. Da magariba giyar leda uku ko huɗu, ya zuba a gorar lemo. Giyar ta sa ya ji marmarin hayaƙi, wiwi a kan giya ta fi kama shi, sigari ta ƙarshe kuma don ta danne warin kafin ya shiga gida. Ba abu uku yake sha ba a ganinsa, zama ɗaya ne, da mutane ɗaya, da ashana ɗaya.

Daga baya na gane ba shi kaɗai ba ne. Iyaye na kawo yaro ne da sunan wiwi, domin ita ce ake jin warinta, ita ce ke da suna a unguwa. Giya abin kunya ce a gidan Musulmi, sai a binne ta. Hisba na fasa kwalabe a bainar jama'a a Kano, amma leda tana shiga aljihun wando. NAFDAC ta sanar da hana giyar leda a farkon 2024, duk da haka ban daina jin labarinta daga bakin majinyata ba. Ko binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi a 2018, wanda ya gano mutum miliyan 14.3 na shaye-shaye a Najeriya, miliyan 10.6 daga cikinsu masu wiwi, bai sa giya da taba a cikin wannan adadin ba.

Sigari ce ta fi ba ni mamaki, raina kama ka ga gayya. Wani likita ya nuna mini cewa hayaƙin taba na sa hanta ta riƙa narkar da wasu magungunan ƙwaƙwalwa da sauri, irin su olanzapine da clozapine. Majinyaci na kwance a wurinmu ba ya zuƙa, magani na aiki, mu sallame shi. Ya koma kan kwalinsa, ƙarfin maganin ya ragu a jini, ciwo ya dawo, 'yan'uwa su ce maganin asibiti ba ya yi, a nufi gidan mari. Ga kuma hanyar komawa ruwa. Yawancin waɗanda suka dawo hannunmu, in na bi diddigi, da kara ɗaya suka fara a teburin da suka saba. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma je ka gaya wa mai tebur.

Yanzu nakan roƙi mahaifi ya ɗan ba mu wuri: "Baba, a yi haƙuri a jira mu a waje." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da sigari nake farawa, tunda ba mai jin kunyarta. Ba na cewa "kana shan giya?", amsar a shirye take. Sai in ce, "Ta leda ce ko ta kwalba? Yaushe rabonka da ita?" Fom ɗin tambayoyin shaye-shaye na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai suna ASSIST, ma haka yake bi, taba a farko, sannan giya, sannan wiwi, kowacce da sunanta.

Direban nan ya zo ganin likita bayan wata uku, ya yi ƙiba, idonsa ya washe. Ya ce ya bar wiwi, ya bar giya, sai godiya yake. Da ya sunkuya zai sa takalmi na hango kwalin sigari a aljihun rigarsa. Na jawo katin na ce, "Malam, dawo ka zauna. Kara nawa a rana?"