Wasiƙa daga Cambridge: Yadda Garin Malamai Ya Zama Matattarar Kamfanonin Magunguna

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, domin tambaya ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ta zo mini daga mutane da yawa, musamman ƙannenmu ɗaliban kimiyya masu neman ƙaro karatu: wai me ya sa masu binciken ƙwayoyin halitta da kamfanonin haɗa magunguna suka yi cincirindo a wannan ƙaramin gari na Ingila, alhali ga Landan can da girmanta da kuɗinta? Wasu kuma sun tambaye ni batun biza da kuɗin haya da inda muke yin sallah, kuma zan taɓa waɗannan daga baya in Allah ya yarda.

Shekarar da aka fi ambata ita ce 1953, lokacin da James Watson da Francis Crick suka bayyana siffar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, a ɗakin bincike na Cavendish da ke nan jami'ar Cambridge, bisa dogaro da sakamakon aikin Rosalind Franklin da Maurice Wilkins na Landan. A ganina tushen abin ya girmi wannan shekara. Tun 1947 hukumar binciken lafiya ta Birtaniya, wato MRC, ta amince ta ɗauki nauyin mutum biyu, Max Perutz da John Kendrew, su zauna su nazarci siffar sinadaran furotin, aikin da babu wanda zai iya faɗin ranar da zai amfani mara lafiya. Perutz ya shafe fiye da shekara ashirin a kan sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini kafin ya ga siffarsa, kuma ba a yanke masa tallafi don ya daɗe ba. Wannan ɗan rukuni ne ya bunƙasa ya zama cibiyar binciken ƙwayoyin halitta da ake kira LMB, wadda ta koma kusa da asibitin Addenbrooke's a 1962. A can Fred Sanger ya fito da hanyar karanta jerin DNA a 1977, kuma ayyukan malaman cibiyar sun samo lambar yabo ta Nobel har guda 12.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne garin da kansa bai so masana'antu ba da farko. Rahoton Holford na 1950 ya ba da shawarar a taƙaita girman Cambridge domin ya ci gaba da zama garin jami'a, aka kuma bi wannan shawara kusan shekara ashirin. Sai a 1969 wani kwamitin jami'a ƙarƙashin Nevill Mott ya ce ya kamata a bar kamfanonin da suka dogara da kimiyya su zauna kusa da masu bincike. A 1970 kwalejin Trinity ta ware wani filinta a arewacin gari ta kafa Cambridge Science Park, kamfani na farko kuma bai tare ba sai 1973. Shekarun farko sun tafi a hankali, amma kwalejin ba ta raba filin an yi shaguna ba.

Darasi mafi ɗaci ya zo a 1975. César Milstein, ɗan asalin Ajantina, da Georges Köhler, Bajamushe, suna aiki a LMB suka gano yadda za a samar da ƙwayar garkuwar jiki iri ɗaya tak, mai yawa, wadda za ta nufi abu guda ta kama shi. Ba a yi wa wannan fasaha rajistar mallaka ba, kamfanonin wasu ƙasashe suka ɗauka suka ci moriyarta, kuma har yau dattawan wurin suna ba da labarin da takaici. Da Greg Winter, shi ma mai bincike a LMB, ya gano yadda za a gyara irin waɗannan ƙwayoyi su dace da jikin ɗan Adam, ba a maimaita wancan sakaci ba. An yi rajista, kuma a 1989 shi da abokan aikinsa suka kafa kamfanin Cambridge Antibody Technology. Fasahar wannan kamfani ce ta haifar da maganin Humira na ciwon gaɓɓai, wanda aka amince da shi a Amurka a 2002 ya kuma yi shekaru yana cikin magungunan da suka fi ciniki a duniya. AstraZeneca, babbar masana'antar magunguna, ta sayi kamfanin a 2006 a kan fam miliyan 702, kuɗin lasisin fasahar garkuwar jiki kuma ya taimaka wajen gina sabon ginin LMB da aka buɗe a 2013. Ku lura da yadda kuɗin ya zagayo ya koma ɗakin binciken da ya haife shi.

A kudancin gari, a ƙauyen Hinxton, gidauniyar Wellcome ta kafa cibiyar Sanger a farkon shekarun 1990, da John Sulston a matsayin shugabanta na farko. Ita ta karanta kusan kashi ɗaya cikin uku na jerin DNA na ɗan Adam a aikin da aka kammala a 2003, kuma Sulston yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata cewa a riƙa sakin bayanan kyauta ga kowa. Wannan cibiya ta shafe mu kai tsaye, domin tana cikin waɗanda suka karanta jerin DNA na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a 2002, cutar da ke ɗauke mana yara duk damina. A sashen kimiyyar sinadarai na jami'a kuma Shankar Balasubramanian da David Klenerman suka kafa kamfanin Solexa mai fasahar karanta DNA a 1998, kamfanin Illumina na Amurka ya saye shi a 2007, kuma mafi yawan karatun DNA da ake yi a duniya yanzu a kan dabararsu yake tafiya.

To, duk wannan tarihi ne da kowa zai iya karantawa. Abin da ban fahimta ba sai da na shiga aiki a nan shi ne batun takardu, kuma shi ne ya fi cin raina a watannin farko. Kafin ka taɓa digon jinin mutum, dole a sami takardar amincewar mai jinin da izinin kwamitin ɗa'a, kuma dokar 2004 ta adana sassan jikin ɗan Adam tana bin ka har bakin firiza. Kowace 'yar kwalba tana ɗauke da lambarta, kwamfuta ta san wanda ya ɗauke ta da lokacin da ya mayar. Idan kana son wata cibiya da ke tsallaken titi ta ba ka samfuri, sai lauyoyin ɓangarorin biyu sun rubuta yarjejeniya a kan wanda zai mallaki abin da aka gano, kuma na taɓa zama na tsawon watanni ina jiran sa hannu a kan samfurin da keke zai ɗauko cikin minti goma. Littafin aikinka kuma dole ya nuna kwanan wata da abin da ka auna, har da gwajin da bai yi nasara ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a lokacin, domin ina ganin aiki yana jirana. Daga baya na ga yadda masu zuba jari suke yi idan sun zo duba ƙaramin kamfani: suna zama su bi waɗannan takardu shafi bayan shafi, kuma idan sarƙar ta yanke a wuri ɗaya, sai su tashi da kuɗinsu. Miliyoyin da na ambata a sama a kan irin waɗannan takardu aka biya su.

Haka batun firiza yake. Ana ajiye samfura a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, kuma kowace firiza tana da na'urar da za ta buga wa ma'aikaci waya ko da tsakar dare ne idan sanyin ya fara raguwa, ga kuma wata a gefe babu komai a cikinta, tana jiran ranar da za a kwashe kaya a mayar cikinta. Duk lokacin da na wuce ta gabansu sai in tuna abokan karatuna na gida da suka yi asarar aikin shekara guda a dare ɗaya saboda an ɗauke wuta kuma man janareto ya ƙare. Ba su gaza kowa a nan ƙwaƙwalwa ba.

Kuma ba daga babu za mu fara ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke cin kwanson wake a 2019. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato ta fi shekara ɗari tana aikin cututtukan dabbobi da allurar rigakafinsu. Cibiyar binciken ƙwayoyin cututtuka ta ACEGID da ke Ede a jihar Osun ita ta fara karanta jerin ƙwayar cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020. Da a ce a gefen irin waɗannan wurare akwai 'yan ɗakunan gwaji na haya da wutar da ba ta ɗaukewa, da lauyan da ya san rajistar fasaha, da albashin da ba ya tsayawa, irin abin da aka yi a Babraham, kusa da Cambridge, inda ƙananan kamfanoni suke zaune a harabar cibiyar bincike, da ɗalibin da ya gano wani abu ya sami inda zai gwada sa'arsa ba tare da ya bar ƙasa ba. Kantin Kwari ma ba allon suna ne ya tara mutane ba: mai saye ya san zai tarar da kaya da dillali da ɗan dako a wuri ɗaya. A nan ma idan ƙaramin kamfani ya rushe, ma'aikatansa sukan sami aiki a na kusa da shi ba tare da sun sauya wa 'ya'yansu makaranta ba, shi ya sa mutane ba sa tsoron gwadawa.

AstraZeneca ta sanar a 2013 cewa za ta dawo da hedikwatarta nan, aka buɗe babban gininta na bincike a 2021, asibitin zuciya na Royal Papworth ma ya koma harabar Addenbrooke's a 2019. Wannan bunƙasa tana da tsadarta. Kuɗin haya ya kai inda ma'aikatan jinya da masu kula da ɗakunan gwaji da yawa suke zama a garuruwan gefe suna shigowa kullum, kuma ƙarancin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riga ya jinkirta gina wasu sababbin unguwanni. Duk mai shirin zuwa ya fara neman ɗaki tun kafin ya sayi tikitin jirgi.

Batun biza yana da tsawo kuma dokokinsa suna yawan sauyawa, don haka zan ware masa wasiƙa ta daban. Masallaci kuwa akwai babba a titin Mill Road da aka buɗe a 2019, a can muke Juma'a. Ku gaishe da kowa da kowa, a kuma sa mu cikin addu'a.

Wassalam.