Laka a takarda, bulo a fili

Duk wanda ya ji na karanta zanen gine-gine a ABU Zariya, tambayarsa ɗaya ce: "Yaushe za ka zana mini bene?" Ba mai tambayar abin da na yi bincike a kai a digiri na biyu. To ga shi ko ba a tambaya ba: zafin ɗaki.

A bazara na riƙa auna zafin soraye a cikin birnin Zariya, ina gwadawa da ɗakunan bulo masu rufin kwano. Katangar tubali mai kauri takan shanye zafin rana a hankali, sai dare ya raba ta sake shi. Kwano kuwa nan take yake juye maka rana a ka. Wani dattijon magini ne ya nuna mini yadda ake jera azarar giginya a ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗaukar rufin soro, da yadda makuba ke kare bango daga ruwa. Da na fito da littafi zan rubuta, ya ce, "Yaro, ajiye biron nan, taɓa ƙasar tukuna." Irin wannan ilimin ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tsayar da Masallacin Juma'ar Zariya da shi, zamanin Sarki Abdulkarim.

Bayan bautar ƙasa na samu aiki a wani ƙaramin kamfani a Kaduna, kullum ina gaban AutoCAD, manhajar zanen gini a kwamfuta. Mai gini na farko da na yi wa maganar laka dariya ya yi: "Ni da na baro ƙauye, za ka mayar da ni gidan ƙasa?" Kuma yana da hujja. Yaɓe kafin kowace damina aiki ne, giginya ta yi tsada, ƙwararrun magina sun ragu.

Na kawo masa misalin Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022, da masallacin Dandaji a Nijar da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina da bulon ƙasa matsattse. Alhaji ya ce su can ne.

Yanzu dabara nake yi. Bulon siminti dai, amma na kawar da manyan tagogi daga yamma, na faɗaɗa baranda, na ɗaga rufi, na bar tsakar gida. Zaure ne kaɗai ba a taɓa yi mini gardama a kansa ba. Jarabawar samun rajistar ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Najeriya, na tafe, karatunta nake yi da daddare in akwai wuta.