Jinin da ke jinkiri a kwalba, ya daskare a jijiya

Sunan gwajin ma yaudara ne. Lufus antikowagulant, LA a taƙaice, sunan da likitoci biyu, Feinstein da Rapaport, suka raɗa masa a 1972. Duk wanda ya ji zai ɗauka abu ne mai tsinka jini, kuma sai mai ciwon lufus, cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mai ita. Ko ɗaya ba haka ba ne. Sojojin garkuwar jiki ne da suka juyo kan mai su. A kwalba suna jinkirta daskarewar jini, a cikin jiki kuwa su ke toshe jijiya da gudan jini, su jawo wa mace ɓari a jere. Da yawa masu shi ba su da lufus.

Wannan na haddace tun ina makaranta. Abin da ban haddace ba shi ne hannuna.

Watana na biyu a ɗakin gwaji aka kawo jinin wata mata da ta yi ɓari sau uku. Kwalba mai shuɗin murfi, an cika ta daidai layi, kashi 9 jini, kashi 1 sitiret, sinadarin da ke hana jini daskarewa a kwalba. Na juya a na'urar raba ruwan jini da ƙwayoyinsa sau ɗaya, na tsiyaye ruwan jinin, na jefa firiza don ina sauri in tashi. Da aka yi gwaji, sakamako ya fito lafiya lau.

Shugabarmu ta duba littafin aiki ta ce, "Ɗana, sau nawa ka juya?"

Na ce, "Sau ɗaya, Hajiya."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ma faɗan ta yi. Zama ta yi ta warware min: ƙwayoyin filatilet, masu taimaka wa jini daskarewa, da suka rage suna fashewa in sun ƙanƙare, su saki kitsen fosfolifid, shi kuma ya shanye sojojin da muke nema. Sai mai cutar ya fito kamar ba shi da komai. Shi ya sa ake juyawa sau biyu, har filatilet su yi ƙasa da 10,000 a kowace maikurolita.

Aka sake kiran matar, da kuɗin motarta da komai. Wannan karon gwajin dRVVT, wanda ake yi da dafin wani macijin Indiya dangin kububuwa, ya nuna jinkiri. Muka gauraya da ruwan jinin mai lafiya, bai gyaru ba. Muka ƙara fosfolifid, lokaci ya sauko. LA ne.

Har na ɗauki biro da murna, Hajiya ta riƙe min hannu. Ta ce, wane magani matar take sha? Magungunan tsinka jini irin su warfarin, hefarin, musamman ribaroksaban, duk suna iya rikita sakamako. Ko babu su, zazzaɓi mai tsanani kan kawo LA na ɗan lokaci ya wuce, don haka ƙa'idar da masana suka tsara a birnin Sidni, aka wallafa a 2006, ta ce sai an maimaita bayan aƙalla mako 12.

Na kira likitanta, ya ce ba ta shan ko ɗaya. Na rubuta ranar dawowarta a ƙasan takardar, da jan biro.