Fotugal ko Morishus

Yau netwok ya ɗauke ana tsakiyar mitin da mutanen da nake wa aiki ta intanet, sai da na fita bayan gari gindin darbejiyar nan ta hanyar Ringim kafin sabis ya dawo, a nan na zauna ina duba bizar da ake ba masu aiki daga nesa. Fotugal suna da irin wannan bizar mai suna D8 tun 2022 amma sai abin da kake samu a wata ya ninka mafi ƙarancin albashinsu sau huɗu, sama da yuro 3,000 kenan, wallahi ban kai nan ba. Tsibirin Morishus kuwa bizarsu kyauta ce, shekara guda kuma ana sabuntawa, dala 1,500 a wata suke so ka nuna, wannan in na dage zan iya.

Ina cikin lissafi sai ga Baba daga gona, fartanya a kafaɗa, ya leƙo wayar ya ce "wane gari ne wannan ruwa ta ko'ina?" Na ce wani tsibiri ne Baba. Ya gyaɗa kai ya wuce yana ɗingisa ƙafar nan tasa mai ciwo, ina kallon bayansa har gero ya rufe shi. Ni dai da za a samu wuta da netwok mai ƙarfi a garin nan, ba inda za ni.