Abin da na faɗa wa ɗan maƙwabcinmu kafin ya tafi ƙasar ƙanƙara

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sakko daga masallaci a nan Agege, ɗan maƙwabcinmu ya zo yi mini sallama, domin ya samu gurbin karatu a Kanada kuma zai sauka can a tsakiyar hunturunsu. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya fito da wata jibgegiyar rigar sanyi da ya sayo a gwanjon Katangowa, yana cewa, "Kawu, ai na shirya tsaf, sanyi dai ko na Jos ne mun ɗanɗana." Na yaba rigar, domin mai kyau ce, amma sai da na zaunar da shi kusan awa ɗaya, saboda abin da nake ji masa tsoro ba riga ce take tare shi ba. Na ga ya dace in rubuta abin da na faɗa masa, tunda a 'yan shekarun nan da wuya ka sami layi a Agege ko Idi-Araba ko Obalande da ba shi da ɗa ko ƙane a Amurka, Kanada ko Ingila.

Matsalarmu ta farko ta harshe ce. Mu kalma ɗaya muke da ita, ƙanƙara, da ita muke kiran wadda ake sayarwa a buhu don sanyaya zoɓo, da ita muke kiran wadda takan faɗo da damina ta fasa kwanon rufi ta ɓata shuka, sai kuma muka ƙara dusa a gabanta don mu ambaci farar nan da muke gani a hotuna. Amma babbar guguwar hunturu abubuwa uku take zubarwa, kuma bambancinsu ya danganta ne da yadda iska ta yi hawa-hawa tsakanin girgije da ƙasa. Idan iskar duka ta yi sanyin da ya kai na daskarewa tun daga sama har ƙasa, dusar ƙanƙara ce take sauka. Idan akwai iska mai ɗumi a tsakiya, dusar takan narke ta zama ruwa, to in iskar sanyin da ke ƙarƙashinta tana da kauri, sai ɗigon ya sake daskarewa tun yana sama, ya faɗo kamar ƙananan tsakuwoyi yana tsalle a kan gilashin mota. In kuwa iskar sanyin ta ƙasa siririya ce, ɗigon ba ya samun lokacin daskarewa a hanya, sai ya iso a matsayin ruwa, ya daskare nan take a jikin duk abin da ya taɓa, ko kwalta ko reshe ko wayar lantarki ko matakalar ƙofar gida.

Wannan na ukun shi ne mafi sharri, kuma shi ne wanda mutumin Legas zai fi rainawa, domin a ido ruwan sama ne kawai, irin wanda muke ratsawa a kan babur ba tare da mun waiwaya ba. Dusar ƙanƙara tana nuna kanta, kowa ya leƙa taga ya san gari ya canza. Shi kuwa ruwa mai daskarewa yakan shimfiɗa wa titi wani siririn gilashi wanda ake hango baƙin kwalta ta cikinsa, direba ya ɗauka hanya ce jiƙaƙƙiya, sai ya taka birki sannan ya tarar babu abin da taya za ta kama. Dokokin tuƙi na Birtaniya sun yi gargaɗin cewa tazarar da mota take buƙata kafin ta tsaya a kan ƙanƙara tana iya ninka ta busasshiyar hanya sau goma. Gadoji su ne suke fara daskarewa, saboda iskar sanyi tana kaɗa su ta sama da ta ƙasa, alhali titin da ke kwance yana samun ɗan ɗumi daga ƙasa. A ranar 11 ga Fabrairun 2021, da sassafe, motoci fiye da 130 suka yi karo da juna a wani ɗagaggen sashe na babbar hanya a birnin Fot Wot na jihar Tekzas a Amurka, mutum shida suka rasu. Na ce wa yaron ya ƙaddara doguwar gadar nan tamu mai kusan kilomita 12 da ta ratsa ruwa zuwa tsibiri, a ce an wayi gari an shafe ta da man ja daga farko har ƙarshe, ga motoci kuma sun taho a guje. Nan na ga fuskarsa ta canza.

Ba ma sai abin ya yi yawa ba. A Janairun 2014, dusar da kaurinta bai wuce santimita biyar zuwa bakwai ba ta tsayar da birnin Atlanta cik, mutane suka kwana a cikin motoci a kan titi, ɗalibai suka kwana a makarantu.

Tunda Kanada ya nufa, na ba shi labarin Janairun 1998, lokacin da ruwa mai daskarewa ya yi kwanaki yana sauka a kudancin Kebek da gabashin Ontariyo har ƙanƙara ta yi kaurin da ya kai santimita 10 a wasu wurare. Nauyinta ya karya itatuwa, ya tsinke wayoyi, ya durƙusar da manyan turakun ƙarfe na lantarki kusan dubu ɗaya kamar karan dawa, miliyoyin mutane suka shiga duhu, wasu garuruwa a kudu da Mantiriyal suka yi makonni ba wuta, sai da gwamnati ta fito da sojoji fiye da 15,000 don kai ɗauki. Wannan ƙasa ce da ta saba da sanyi, take da kayan aiki da kuɗi. Daga nan ne maganar ta iso inda ta fi damuna, domin da na ambaci ɗauke wuta sai ya yi murmushi, irin murmushin da ƙanena ya yi mini a waya shekarun baya.

Ƙanena yana zaune da iyalinsa a gefen birnin Hustan na jihar Tekzas, inda 'yan Najeriya suke da yawa. A daren Litinin 15 ga Fabrairun 2021 wuta ta ɗauke musu, kamar yadda ta ɗauke wa gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan huɗu a jihar, saboda sanyi ya daskarar da rijiyoyin iskar gas da na'urorin tashoshin lantarki a daidai lokacin da kowa ya kunna abin ɗumama ɗaki, ga shi kuma layin wutar jihar kusan a ware yake daga na sauran Amurka, ba shi da hanyar jawo isasshen agaji daga maƙwabta. Tsakaninmu da su awa bakwai ne, don haka safiyarsu la'asar ɗinmu ce. Mahaifiyarmu ta ji labari a rediyo ta sa ni na kira shi. Ya ce, "Yaya, ka kwantar wa Hajiya da hankali, wuta ce kawai aka ɗauke, mu da muka tashi a Agege ai wannan ba baƙon abu ba ne." Washegari muryarsa ta sauya. Cikin falo ana ganin tururin numfashi, yara sun daina wasa, bututun ruwa ya fashe a rufin kicin, domin ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi tara cikin ɗari, ya tsaga duk abin da ya tsare shi. Suna narka dusar ƙanƙara a tukunya don banɗaki da alwala. Sai ya ce mini ya tuna dabarar kakarmu a Kano, zai shigo da murhun da yake gasa nama a bayan gida, ya hura gawayi a tsakiyar falo su kwana kewaye da shi.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce masa, "Don girman Allah kada ka shigar da gawayin nan cikin gida, ko da na minti biyar ne." Abin da ya faɗo mini a rai shi ne wani gida a unguwarmu, inda mai gidan ya shigar da ƙaramin janareto cikin baranda saboda tsoron ɓarayi da ruwan sama, ya rufe ƙofa, gari ya waye ba wanda ya fito, sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofar. Ina cikin waɗanda suka yi musu salla. Kowa a Legas ya taɓa jin irin wannan labari, amma ba mu cika haɗa shi da ƙasashen sanyi ba, alhali iska ɗaya ce take kisan, wato kabon monoksaid, wadda take fita daga gawayi da janareto da salansar mota da murhun gas. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita sau fiye da ɗari biyu. Alamominta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da mutuminmu zai ce zazzaɓi ne ko gajiya, ya haɗiyi maganin ciwon kai ya koma ya kwanta. Kaskon wutar kakarmu ma ba lafiyayyen abu ba ne, amma ɗakinta na ƙasa ne mai ƙofar da iska take shiga ta ƙarƙashi da gefe, gidajen can kuwa an toshe musu kowace kafa da gangan don kada ɗumi ya fita, saboda haka gubar ma ba ta da mafita.

Cikin ikon Allah ƙanena ya ji maganata. Suka taru a ɗaki ɗaya mafi ƙanƙanta, suka toshe ƙasan ƙofa da tawul, suka lulluɓa da duk bargon gidan, kwana na uku kuma wani abokinsa da wutarsa ta dawo ya zo ya kwashe su. Daga baya hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu sanadiyyar guguwar, kusan kashi biyu cikin uku sanyi ne ya kashe su kai tsaye, 19 kuma wannan iska mai guba ce. Na daɗe ina tunanin cewa jurewar da muke alfahari da ita, wato iya zama ba wuta da iya ƙirƙirar dabara nan take, ita ce ta kusa hallaka ɗan'uwana, domin a Legas rashin wuta zufa da sauro yake kawowa, dare ba ya cika sauka ƙasa da digiri 20, a can kuwa gida ba wuta yana iya zama firiji cikin yini guda.

Mota ma tarko ce iri ɗaya. A Janairun 2022, a garin Muri da ke kan duwatsun Pakistan, mutane fiye da 20 suka rasu a cikin motocinsu bayan dusar ƙanƙara ta rufe hanya, masu yawon buɗe ido ne da suka je kallonta, ciki har da yara. A Disambar 2022, guguwar da ta auka wa Bafalo ta jihar Niyok ta kashe fiye da mutum 40, an tsinci wasu a mota, wasu a kan titi bayan sun fita da ƙafa sun ɓace a cikin farin da ba a ganin ko tafin hannu. Wanda ya maƙale ya zauna a cikin motarsa, ya kunna inji kamar minti goma a kowace awa, ya ɗan sauke gilashi, kuma kafin kowace kunnawa ya fita ya tabbatar dusa ba ta toshe bakin salansa ba. Mai janareto kuma ya ajiye shi a fili, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga, shawarar da ta shafi Agege kamar yadda ta shafi Tekzas.

Shi kansa sanyin yana da yaudararsa. Idan zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35, yakan fara da makyarkyata, sannan harshe ya yi nauyi, hannu ya kasa riƙe maɓalli, tunani ya rikice, barci ya riƙa fizgarsa, kuma idan makyarkyatar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, abin ya tsananta ne, ba sauƙi ya samu ba. Jiƙaƙƙen tufafi da iska mai ƙarfi suna gaggauta wannan, shi ya sa na ja kunnen yaron a kan alwala: ya tsane hannu da ƙafa da kunne sarai kafin ya fita zuwa masallaci da asuba, domin yatsu da hanci da kunnuwa su ne suke fara sandarewa. Idan yatsa ya yi fari ko toka-toka ya daina ji, ba a murza shi, ba a kuma kara shi a wuta, ruwa mai ɗan ɗumi ake sa shi a ciki a nemi likita. Riguna uku marasa kauri da aka ɗora bisa juna sun fi jibgegiya guda ɗaya, hula da safar hannu da takalmi mai kama ƙasa kuma ba ado ba ne. Kwashe dusa da shebur ma yana kai dattawa da masu hawan jini asibiti da ciwon zuciya a kowace shekara.

Yaron ya fito da wayarsa yana rubutawa, sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, to wane abu zan fara saya idan na sauka?" Na ce ya fara duba ko ɗakin da zai kama yana da ɗan ƙararrawar nan da take kuka idan ta ji kabon monoksaid, in babu ya saya da kuɗin abincinsa na makon farko, sannan tocila da batir da ruwan sha na kwana uku. Da daddare mahaifinsa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce yaron ya maimaita musu zancen gaba ɗaya, kuma ya roƙe ni in taya shi ɗaukar janaretonsu daga cikin soro zuwa bayan gida. Muka ɗauke shi mu biyu, muka ɗaure shi da sarƙa a jikin tankin ruwa.