Kwalbar da ban haɗa ba

Fatar farko da aka miƙo min a ɗakin gwajinmu a Kumasi ba ta fi ƙwayar wake ba. Ragowar tiyata ce, mai ita ta sa hannu ta yarda a yi bincike da ita. Aikina in auna ƙarfin tirosines, enzayim ɗin, wato sinadarin jiki, da ke fara haɗa melanin, launin da ya sa fatarmu take baƙa.

Fata akwai taurin kai. Sai ka yayyanka ta da almakashi, ka niƙa a ɗan turmin da ke zaune cikin ƙanƙara, yatsunka na daskarewa, domin da ta ɗumama enzayim ya fara lalacewa. Daga nan a wulwula ta a na'ura, dusar ta kwanta baƙi ƙirin a ƙasa, ka tsotsi ruwan sama. Ka zuba masa L-DOPA, sinadarin da enzayim ɗin ke sarrafawa a hanyar haɗa melanin, a zafin digiri 37, ka zuba ido. Ruwan da yake garau sai ya soma yin ja-ja kamar shayin da bai gama jiƙa ba. Wannan jan na'urar auna haske ke karantawa a nanomita 475.

Sakamakona na farko ya yi kyau har na buga waya gida Aboabo. Dattijon da ke kula da kayan aikinmu ya leƙa takardata ya ce, "Ɗiyata, ina kwalbar da ba ki sa wa fata ba?"

Na ce, "Baba, ban haɗa ba."

Ya sa na haɗa a gabansa, ita ma ta rine. Ashe L-DOPA yana sauya launi da kansa in ya sha iska da haske, ni kuwa tun safe na dama nawa na bar shi bakin taga. Mako biyu suka tafi a banza, amma abin da ya fi ci min rai fatar baiwar Allah ce, wadda ba zan sake samu ba. Tun ranar, sabo nake damawa, in naɗe kwalbar da takardar alminiyam, kuma marar fata nake fara haɗawa.

Wannan enzayim ɗin ne mayukan bilicin suke danne wa. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta haramta haidirokwinon, ɗaya daga cikin sinadaran bilicin, a kayan shafe-shafe, amma gwaggona ba ta daina ba. Ranar Juma'a na kama hannunta, na dubi gaɓoɓin yatsun da suka ƙi yin fari, na zauna na ba ta labarin jan da nake gani a kwalba.